Ƙwanƙwasa Ƙofar Yaya

Yayata mai hoto ce. In ka shigo layinmu daga bakin titi, ka wuce mai gyaran takalma, ka wuce shagon Injiniya mai gyaran kwamfuta, ƙofa ta gaba mai gilashi wadda hotunan jarirai da na amare suka cika, nan ne wurinmu. Ita ce a gaba, da kyamara da kwamfuta da baki. Ni ce a baya, cikin ɗan ɗakin da nake yankan gilashi ina haɗa firam. Ni ce autar gidanmu, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini Auta take kirana, a gaban kowa, har a gaban 'ya'yana.

Ban taɓa ganin mai riƙe abu a ka irin Yaya ba. Ba yabo nake yi ba, don da son raina ne da an rage mata, ta sha ƙure ni da shi. Tun muna yara in ka yi mata alkawari ka shiga uku, za ta faɗa maka ranar da ka yi shi da rigar da ke jikinka. Da ta girma sai abin ya zama jarinta. Mace za ta shigo bayan shekara da shekaru, ta yi ƙiba, ta sauya kama, Yaya ta ɗaga kai ta ce, “A'a, ina yaron nan da ya yi mini fitsari a labulen hoto?” Matar ta tuntsire da dariya ta ce ai yanzu shi ma ya yi aure. Da haka mutane suka manne mata, don kowa na son inda ba a manta shi ba.

Sana'ar a wurin wani tsoho maƙwabcinmu ta koya, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Mutane suka ce ina mace ina rataya kyamara, ta ce da su ai ba a kansu ta rataya ba. Da zamani ya juya, fim ya tafi, masu hoto da yawa suka rufe shago, ita sai ta sayi kwamfuta ta zauna ta koya kamar 'yar firamare. Ta bi tsofaffin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su cikin kwamfuta, daga nan ta loda su a wata ma'ajiya ta intanet da take kira rumbu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararta yana cikin rumbun nan, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Rumbun yana da kalmar sirri. Imel ɗin shago yana da tasa, shafin da mutane ke turo mana aiki yana da tasa, wurin da muke odar takardar hoto da tawada ma haka. Kowace daban, kuma duk a kan Yaya suke. Ko ɗaya ban sani ba, ban ma taɓa tambaya ba. Takan buga goshinta da yatsa ta ce, “Makullin da ke nan ba ya faɗuwa a mota.”

Akwai abu ɗaya a rumbun da ba na kasuwa ba ne. Innarmu ce.

Ciwon mantuwa ne ya ɗauke mana Inna, tun kafin mutuwa ta zo ta ɗauki sauran. Da ƙananan abubuwa ya fara. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Muka riƙa dariya muna cewa tsufa ne. Daga baya dariyar ta ƙare. Sai da ta kai muna manna takardu a bangon ɗakinta, wannan ƙofar bayi ce, wannan ta waje ce kada a buɗe, har ranar da karatun ma ya gudu. Yaya ce ta yi jinyarta. Ita ce Inna ta kalla wata safiya, bayan ta gama yi mata wanka, ta ce, “Baiwar Allah, wa kike nema?”

Amma tun abin bai yi nisa ba, Yaya ta yi dabara. Ta zaunar da Inna a kujerarta ta bakin taga, ta kafa kyamara, ta yi ta janta da hira. A bidiyon nan Inna tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana faɗin halin kowa, tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta zo kaina cewa ta yi, “Wannan kuwa bakinta ya riga ta fitowa duniya.” Kwamfutar da aka fara ajiye bidiyon a ciki ta daɗe da ƙonewa. Muryar Inna lokacin da ta san mu, a duk duniya a rumbun nan kaɗai ta rage.

Wata safiya wata mata ta shigo, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana son a sake fitar mata da hoton da Yaya ta taɓa ɗaukarsa yana riƙe da ɗansu na fari. Yaya ta gane ta nan take, ta yi mata gaisuwa, har ta tuna hular da marigayin ya sa ranar. A makon ne Injiniya ya yi wa kwamfutar gyara, don haka rumbun ya nemi a sake shiga da kalmar sirri. Na fito daga baya da gilashi a hannu, sai na ga Yaya ta ɗora yatsu a kan madannai ta tsaya. Ta buga wani abu, jan rubutu ya fito. Ta goge ta sake bugawa, jan rubutun ya dawo. Ta sake tsayawa, leɓɓanta suna motsi.

“Ki yi haƙuri, 'yar'uwa,” in ji ta, “sabis ne yau babu kyau. Ki leƙo gobe.”

Sabis kuwa a cike yake, da idona na gani. Matar ta yi godiya ta fita. Na ajiye gilashin a hankali.

“Yaya, mene ne?”

“Koma kan gilashinki.”

“Yaya.”

“Na ce ki koma, Auta!”

Na koma, amma ban yanka ko tsinke ba. Ta tsakanin labule ina hango hannayenta a ƙarƙashin tebur, ta damƙe ɗaya da ɗaya kamar mai jin sanyi. Sai bayan azahar na ji ta kwatsa ihu, “Ga shegiya nan!” Kalmar ta dawo. Ta yi ta dariya, dariyar da ta fi ƙarfin abin, tana cewa yunwa ce, ba ta karya da safe ba. Ni ma na taya ta. Irin dariyar da muka yi ranar da Inna ta manta ruwa a wuta ke nan, kuma mu biyun duk mun gane ta.

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na gaya wa kaina haka, na ce tsoro ne kawai, kowa na mantuwa. Amma duk sa'ad da na rufe ido sai in ga jan rubutun nan, in ga ƙofa a kulle, Inna tana ciki tana dariya, mu kuma muna waje.

Da farko wauta na yi. Na sayi ɗan littafi na ajiye mata a tebur, na ce ta rubuta su duka mu ɓoye. Ta kalli littafin, ta kalle ni, ta ture shi da bayan hannu ya faɗi ƙasa.

“Takarda? Yau littafi, gobe ki manna mini a bango, wannan ƙofar bayi ce?”

Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Tsoro nake ji. Ba ke kaɗai Inna ta haifa ba. In kanki ya kulle da muryarta a ciki, wa zan kai ƙara?”

Na zaci za ta jefe ni da wani abu. Sai ta ɗauki tsumma tana goge idon kyamarar da ba shi da ƙura. Can ta ce, “Kira mini Injiniya.”

Injiniya mutumin kirki ne, amma in yana bayani sai ka ji kamar ka shiga bakinsa ka jawo maganar. Ya zo yana goge hannu, ya zauna, ya gyara tabarau, ya ce akwai manhaja da aka yi don wannan. Kamar akwatin ƙarfe take. Duk kalmomin sirrinka a ciki kake zubawa, ita ce za ta riƙa cike maka su a duk inda aka tambaya. Kai abu ɗaya kawai za ka riƙe, babbar kalmar da ke buɗe akwatin.

“Wato in tattara makullaina kaf in ba wasu mutane da ban san su ba ajiya,” in ji Yaya. “In ɓarawo ya fasa wurinsu fa?”

“Ƙanwata,” in ji shi, don ya ɗan girme ta kuma ba ya bari a manta, “abin da ke hannunsu a kulle yake da kalmarki. Su kansu ba sa iya karantawa. Ɓarawo in ya ɗauka, akwati ya ɗauka babu makulli. Sai dai in kin sa kalmar banza, irin sunan 'yarki da shekarar haihuwarta.”

Ya nuna mana irin manhajojin kala-kala, Yaya ta tsare shi da tambayoyi kamar ya yi sata. Ɗaya ba ta yarda ta zauna a waya da kwamfuta lokaci guda, ta ce a wuce, ita aikinta rabi a shago ne rabi a gidajen biki. Ɗaya kuma ta cika tarkace, ko ina ka taɓa sai wani abu ya buɗe, ta ce wannan ai sai mai ido huɗu. Ta tambaya ko za a iya ba ni makullin wurin odar takarda ba tare da an ba ni sauran ba, ya ce ana iyawa. Ta tambaya ko in ta gaji da su za ta iya kwashe kayanta ta koma wani wuri, ya ce wannan ma. Sannan ta yi tambayar da tun ɗazu take zagayewa.

“In na manta babbar kalmar fa?”

Injiniya ya cire tabarau ya kalli ƙasa. Ya san Inna, shi ya sha kamo ta a bakin titi ya dawo mana da ita.

“To, a nan gizo ke saƙar. Ba za su iya buɗe miki ba. Abin da ya hana ɓarawo shi ne zai hana ki.”

Na ce to ai gara yadda muke, da makullai da yawa, in ɗaya ya ɓace saura na nan. Ya ɗaga mini hannu ya ce in bari ya ƙarasa. Wasu daga cikin manhajojin suna da abin da ake kira mutumin gaggawa. Za ka zaɓi wanda ka yarda da shi. In wani abu ya same ka, shi zai nemi a buɗe masa daga wayarsa. Sai saƙo ya zo maka cewa wane yana neman shiga. In kana lafiya, ka buɗe akwatinka da kalmarka ka ce a'a, shi ke nan. In kuwa ka yi shiru har lokacin da ka ɗiba ya cika, ƙofa ta buɗe masa da kanta.

“Wato ƙwanƙwasawa zai yi,” in ji Yaya. “In ina ciki in kore shi. In ba na ciki ya shiga.”

“Haka ne.”

“Wannan nake so. Sauran ka tattara.”

Ta ɗibi mako guda a matsayin lokacin jira. Da aka zo zaɓen mutum na ɗauka 'yarta za ta sa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ko mijin ita Yayar, direban babbar mota da rabin rayuwarsa a hanya take. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, “Sa wannan mai bakin. In ta cuce ni na san gidanta.”

Kwashe kayan ya ɗauke mu kwanaki. Ta riƙa faɗo kalmomin daga kanta tana zuba su, manhajar kuma tana sauya kowace da wata doguwa mai haruffa da lambobi a cakuɗe, Yaya ta ce kamar kaza ce ta bi ta kan madannai. Injiniya ya ƙara wa akwatin sakata ta biyu, wata lamba da ke fitowa a wayarta in za a buɗe shi a sabuwar na'ura. Da aka gama ta jingina da kujera. Sannan ta ce, “Shekara da shekaru ina ɗauke da su. Yanzu ko ɗaya ban sani ba.” Na kasa gane ko sauƙi ta ji ko rashi, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Babbar kalmar kuwa, Injiniya ya ce ta haɗa kalmomi da dama waɗanda ba ruwan ɗaya da ɗaya, abin da ita za ta gani a idon zuciyarta amma wani ba zai canka ba. Ta kore mu waje ta rufe ƙofa. Muna tsaye a rana kamar waɗanda suka zo neman aiki, sai da ta ga dama ta buɗe. Ya ce za a iya saita mata ta riƙa buɗewa da zanen yatsa don sauƙi. Ta ƙi.

“Yatsa ba ya mantuwa, shi ya sa ba na so. Kullum da safe da kaina zan buga. So nake in riƙa sanin ko ina nan.”

Kafin ya tafi ya ce mu gwada ƙwanƙwasawar, mu tabbatar tana aiki. Na danna a wayata. Wayar Yaya ta yi ƙara. Ta karanta, ta buɗe akwatinta, ta danna a'a, ta ɗaga murya yadda har mai gyaran takalma sai da ya ji, “Ɓarauniya! Da saurana!”

Daga nan abin ya samo asali. Yaya ba ta yarda a tambaye ta lafiyar kanta. In ka ce mata “Yaya, ya jikin?” za ta ce me ka gani a jikin. Ta je wurin likita sau ɗaya, bayan na yi mata kuka da majina. Ya yi gwaje-gwajensa ya ce akwai abin da za a sa wa ido, yana iya tafiya a hankali, yana iya tsayawa, Allah ne masani. Ta dawo ta kafa doka cewa ba a sake ta da maganar a shagonta. To ni kuma bakina ba ya iya zama, tsoron ma ba ya bari. Sai na koma ƙwanƙwasawa. Duk sa'ad da abin ya taso mini, ina ɗakin baya, sai in ɗauki waya in danna. In kasa kunne. In ji ƙarar wayarta, in ji tsaki, in ji madannai suna ƙara, ɗas-ɗas-ɗas, doguwar kalmar nan tana fita ba gargada. Sannan muryarta.

“Ɓarauniya! Da saurana!”

“Allah ya bar mu da ke, Hajiyar rowa!”

Masu jiran hoto su yi ta kallonmu suna dariya, sun ɗauka wasan 'yan'uwa ne. Ni kuwa sai in zauna a kan benci in ci gaba da haɗa firam. Tambayar da ta hana ni yi da baki ke nan, kuma ta sani. Ba ta taɓa cewa in daina ba.

Haka muka ci shekara da wani abu. Manhajar ta zauna mana daram, aiki ya yi sauƙi, ko ni da nake tsoron kwamfuta na iya yin odar takarda da kaina. Amma ina ganin wasu abubuwa. Ta tambaye ni ko na kai wa mai shagon magani firam ɗinsa, na ce na kai, ba a jima ba ta sake tambaya. Wata tsohuwar mai zuwa wurinmu ta shigo da fara'arta, Yaya ta karɓe ta da “sannu da zuwa, me za a yi miki?” kamar baƙuwa. Matar ta ce, “Yau kuma ni ce ba a gane ba?” Yaya ta wayance ta ce hasken ƙofa ne ya kashe mata ido. Ina ganin irin wannan sai in ruga baya in ƙwanƙwasa. Ita kuma ta kore ni da sauri fiye da da, da zagi mai gishiri, kamar mai cewa kin gani ko.

Rannan ma haka na yi. Ba wani babban abu ya faru ba, batirin kyamara kawai ta yi ta nema alhali yana hannunta. Na shiga baya na danna. Na ji ƙarar wayarta. Na ji ta ja kujera. Na ji madannai, ɗas, ɗas, sai shiru. Aka sake, ɗas-ɗas, sai shiru. Na tsaya da abin yankan gilashi a hannu ina jiran a kira ni ɓarauniya. Wani ya shigo da yaro za a yi masa hoton makaranta, na ji ta tashi tana cewa, “Ɗago haɓa, ɗan samari.” Har muka rufe shago ba ta ce da ni komai ba.

Na ce ƙila aiki ne ya sha kanta, gobe za ta kore ni. Gobe ta zo ta wuce. Na riƙa zuwa da wuri don in ga shigarta akwatin da safe, amma sai ta juya kwamfutar ta ba ni baya. Tana aikinta lafiya lau, tana yi wa jarirai wasa da ƙararrawa, tana faɗa da mai kawo tawada. In mun haɗa ido sai ta kawar. Ni da aka ce bakina ya riga ni fitowa duniya, na nemi bakin na rasa. Abinci ya daina shiga. Na yanka yatsa da gilashi, abin da rabona da shi tun ina koyo, na tsaya ina kallon jinin ban ma ji zafi ba.

Na je wurin Injiniya na ce ko manhajar ce ta lalace. Ya duba wayata ya ce lafiyarta ƙalau, tana ƙirga kwanakinta.

“Ki janye neman mana, ko ki tambaye ta.”

“In na tambaya ta ce wane saƙo fa?”

Ban janye ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na yi ta roƙo a baya, a ce ƙofar nan tana da hanyar buɗewa, shi ne yanzu nake roƙon Allah kada ya faru.

Ranar da mako ya cika, ina cikin share ɗakin baya da safe wayata ta yi ƙara. Saƙon gajere ne: an ba ki izinin shiga. Na zauna a ƙasa cikin ɓarɓashin katako. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Da na tashi na ɗaga labule, Yaya tana zaune a gaban kwamfuta, ta ajiye wata kujera a gefenta.

“Ya buɗe?” ta ce.

“Ya buɗe.”

“Zo ki zauna. Kin rame kamar kazar da ta sha ruwan sama.”

Na zauna. Ta kalli hannayenta, ba ni ba.

“Ranar da kika ƙwanƙwasa na gani. Na zo in kore ki, kalmar ta ƙi zuwa. Farkonta ya zo, ƙarshenta ya zo, tsakiyar babu. Kamar an ɗauke mini matakala ina cikin hawa. Da yamma ta dawo. Tun daga ranar kullum tana zuwa, yau ma da ita na buɗe. Da na so, da na kore ki tuni.”

“To don me, Yaya? Kin san halin da na shiga kuwa?”

“Na sani. Ni ma a cikinsa nake.” Ta juyo ta kalle ni sosai. “Inna ba ta samu ta miƙa mana komai da hannunta ba, sai dai muka ɗauka. Ni ba na son ranar da ƙofar nan za ta buɗe ya zama don ba kowa a ciki. Gara in bar ki ki shigo tun ina sanin wa ke ƙwanƙwasawa.”

Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da na kwana bakwai ina haɗiyewa. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta dungure mini kai ta ce in tashi kada in ɓata mata zane, ta turo mini madannai.

“Shiga rumbun da hannunki, in gani. Buɗe na Inna.”

Na shiga daga wayata na ɗauko makullin, rumbun ya buɗe. Ga Inna a kujerarta ta bakin taga, da mayafinta, tana nuna Yaya a bayan kyamara da yatsa tana cewa, “Wannan babbar, ko allura ka ɓatar shekara goma ita za ka tambaya.” Yaya ta yi murmushi. Muka kalla har ƙarshe. A ranar na sa Injiniya ya kwafe bidiyon a wurare biyu, ɗaya na kai gidana, ɗaya muka aika wa 'yarta.

Da za mu buɗe ƙofar shago ta riƙe mini hannu.

“Yanzu ba ki da abin ƙwanƙwasawa, Auta. Na ɗage dokar. In kina son sani, ki tambaye ni da baki.”

Haka muke yi yanzu. Tana nan a gaba da kyamararta, har gobe babu mai sa jariri dariya kamarta a layin nan. Kullum da safe takan zauna ta buga doguwar kalmarta da kanta, ni kuma in leƙo ta labule in ce, “Yaya, yau kin tuna?” Ta ce, “Na tuna, ɓarauniya, koma kan gilashinki.”

Yau da safe ma na tambaya. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce ta tuna.